Amintattun ƙungiyoyinmu a Agege: sana'arsu, hidimarsu, da abin da doka ta ɗora musu

Duk wanda ya taɓa zama taron wata ƙungiya ta 'yan Arewa a nan Legas ya san yadda muke zaɓen amintattu. Wani dattijo zai miƙe ya gyara murya ya ce, "Ai ba sai an wahala ba, ga Alhaji wane, ga Alhaji wane." Jama'a su ce Allah ya taya riƙo, a shafa fatiha a watse. Ba wanda zai tambayi abin da Alhajin ya iya, ko abin da ya taɓa yi wa jama'a ban da ba da kuɗi. Alhajin shi kansa sau da yawa bai san nauyin da aka aza masa ba, a zatonsa girmamawa ce kawai irin ta kujerar gaba a wajen walima.

Ni ɗan mai sayar da shanu ne, a Agege aka haife ni, karatuna bai wuce sakandare ba. Amma da yake ina iya rubutun boko, tun ina aji biyar aka fara zaunar da ni gefe a taron ƙungiyar su Baba ina rubuta abin da aka tattauna, kuma ni ake aika wajen lauya da banki in kai takarda in karɓo. A wannan zirga-zirgar na tsinci abin da zan faɗa a nan: su wane ne ke zama a kwamitocinmu, me sana'ar kowanensu ta koya masa, ina take barinsa da giɓi, sannan wace irin hidima ya kamata a duba kafin a ɗora mutum.

Sarki daban, shugaba daban, amintacce daban

Zamanmu a Agege ya daɗe. Layin dogo da ya tashi daga Legas ya ratsa ta nan ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, kuma gonakin goro da ke kewayen garin suka jawo fatake daga Arewa suka kafa Zango. Bayan 'yan goro sai 'yan shanu, mahauta, malamai, masu gadi, 'yan tireda. Tun wancan lokaci jagorancinmu a hannun sarauta yake, kuma har gobe haka ne: akwai Sarkin Hausawan Agege, Alhaji Musa Muhammad Dogon Kadai, akwai Sarkin Fulanin Legas, Alhaji Muhammad Abubakar Bambado II, akwai sarakunan Hausawa a Idi-Araba da sauran unguwanni, kowanne da 'yan majalisarsa. Sarki uba ne. Shi ke sulhu, shi ke magana da Olu na Agege da gwamnati da sunan jama'a.

Ƙungiya kuwa, ko ta kasuwa ce, ko ta masallaci, ko ta 'yan gari ɗaya, tana da kwamitin gudanarwa: shugaba, sakatare, ma'aji, mai binciken kuɗi. Su ke aikin yau da kullum, ana zaɓensu na wasu shekaru su sauka.

Amintattu su ne na uku, kuma su aka fi jahilta. Idan ƙungiya ta yi rajista da hukumar CAC, sunayensu ne ke cikin takardar shaida, su ne doka ta sani. Da sunansu ƙungiya ke mallakar fili, da sunansu take kai ƙara, da sunansu ake kai ta ƙara. Shugaba yana iya sauka gobe, amintacce yana nan a takarda har sai an bi ƙa'ida an cire shi, ko da ya koma Katsina shekara goma da suka wuce, ko da ya rasu.

Abin da doka ta ce

Dokar da ke kula da wannan ita ce dokar kamfanoni da ake kira CAMA, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu ranar 7 ga Agustan 2020 ta maye gurbin ta 1990. Kashi na F na dokar shi ne na amintattu. Ya ce jama'ar da al'ada, addini, dangantaka ko ƙasa ta haɗa, ko ƙungiyar addini, ilimi, taimako, wasanni da makamantansu, suna iya naɗa amintattu biyu ko fiye su nemi rajista. Ana kai kundin tsarin mulkin ƙungiya da rubutaccen bayanin taron da aka naɗa su, sannan a buga sanarwa a jaridu biyu na kullum, aƙalla ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, a jira kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi.

Mutum huɗu doka ta hana zama amintacce: yaron da bai kai shekara 18 ba, wanda kotu ta tabbatar yana da taɓin hankali, wanda kotu ta ayyana ya karye da bashi kuma ba a wanke shi ba, da wanda aka yanke wa hukunci kan zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar kafin naɗin. Ka lura, ba a ce sai mai digiri ba, ba a ce sai mai kuɗi ba, ba a ce sai namiji ba. Doka ta bar mana zaɓi, ta tsare ƙofa huɗu kawai.

Akwai wasu abubuwa da dattawanmu ke mamaki in an karanta musu. Ba a raba kuɗin ƙungiya tsakanin mambobi a matsayin riba. Ɗan kwamitin da ke jan ragama ba ya karɓar albashi daga ƙungiyar, sai dai a mayar masa da abin da ya kashe daga aljihunsa wajen aikinta, ko a biya shi hayar ɗakinsa daidai wa daida. In ƙungiya ta rushe, abin da ya rage bayan an biya bashi ana miƙa shi ga wata mai irin manufarta ne, ba a kasafta shi kamar naman watanda. Dokar ta kuma tanadi a riƙa kai wa CAC rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba. Sauya amintacce ma sai an yi babban taro, an rubuta, an sake buga jarida, an jira kwana 28.

Sashe na 839 shi ne ya ta da ƙura, domin ya buɗe hanyar dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya idan an ga almundahana, kuma kashi ɗaya cikin biyar na mambobi suna iya kai wannan buƙata kotu. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi tir da shi tun a 2020, sannan a Afrilun 2023 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ce wannan sashe da wasu na kusa da shi sun saɓa wa tsarin mulkin ƙasa. Saboda haka wannan babi ne da ake zama da lauya kafin a ɗaga shi a taro. Ban da CAC, banki zai tambaye ku takardar SCUML, ofishin da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan halasta kuɗin haram, kafin ya bar asusun ƙungiya ya yi aiki yadda ya kamata.

Maigida da dillali

Bari in fara da gidanmu. A Abbatuwa ta Oko-Oba da Kara da Alaba Rago, mutumin da aka fi ɗorawa a kowane kwamiti shi ne maigida, wato wanda fatake ke sauka a hannunsa. Bafatake zai loda shanu daga Potiskum ko Maigatari ko Mai'adua, ya kwana biyu ko uku a hanya ta Mokwa da Jebba da Ilori, ya sauke su a hannun maigida. Maigida ya ba shi masauki, ya sa dillalansa su nemo mahauci, a sayar, sau da yawa bashi, shi kuma ya tsaya a matsayin lamuni. In mahauci ya gudu da kuɗi, maigida ne zai biya. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan ya rubuta littafi kan wannan tsari a 1969, kuma wallahi abin da ya gani a lokacin bai canza sosai ba, sai dai tirela ta maye gurbin jirgin ƙasa, waya ta maye gurbin ɗan aike.

To me wannan sana'a ke koya wa mutum? Sanin mutane. Baba yana iya kallon mahauci ya ce maka wannan zai biya ranar Juma'a, wancan sai an bi shi har gida. Yana riƙe bashin mutum talatin a ka ba tare da littafi ba. Ya san yadda ake magana da Bayarabe cikin harshensa, ya san lokacin da ake tausasawa da lokacin da ake tsayawa. Duk jarinsa sunansa ne, ranar da aka ce ya ci amana kasuwarsa ta mutu. Ka ga kuwa wanda rayuwarsa gaba ɗaya riƙon amanar dukiyar wasu ce, ai shi ne amintacce tun kafin CAC ta san da shi.

Amma giɓinsa ma daga nan yake. A kara kalma ita ce rasit. In ka ce wa maigida ya kawo takardar abin da ya kashe, ji yake kamar ka ce masa ɓarawo. Kuma yana cakuɗa kuɗinsa da na ƙungiya, ba don cuta ba: yau rufin masallaci ya yaye ya ciro dubu ɗari uku daga aljihu ya gyara, gobe an tara kuɗin Juma'a an ba shi ajiya ya zuba cikin cinikin ranar da niyyar zai mayar. Yawanci ma nasa ne ke shiga ciki, ƙungiya ce ke cin riba. Sai dai ranar da ya kwanta ciwo, ba mai iya cewa ga na jama'a ga nasa. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023 da yawa daga cikinsu suka fara amfani da asusun banki dole, kuma a nan ne na ga wasu ƙungiyoyi sun gano cewa ba su da asusu ko ɗaya da sunansu.

Akwai abin da ya faru a wata unguwa kusa da mu, ina yaro amma na san shi sarai domin Baba na cikin waɗanda suka yi karo-karo. An sayi rabin fuloti don Islamiyya. Da yake ba rajista, sai aka rubuta takardar ciniki da sunan wani Alhaji mai mutunci, wanda shi ya ba da kaso mafi tsoka. Aka gina aji uku, yara suna karatu. Allah ya yi masa rasuwa. Magada suka zo daga gida, wasunsu ba su taɓa taka Legas ba, suka tarar da takarda da sunan mahaifinsu, suka sa filin cikin gado. Ba za ka ce sun yi zalunci ba, abin da suka gani ke nan. Waɗanda suka san asalin maganar wasu sun rasu, wasu sun koma Arewa. Aka yi ta zama wajen shekara biyu, a ƙarshe jama'a suka sake tara kuɗi suka biya magada wani abu kafin a bar makarantar. Fili ɗaya, an saye shi sau biyu. A garin da dokar filaye ta 1978 ta sa sai da amincewar gwamna ciniki ke tabbata, ga kuma 'yan omo onile da ke iya dawowa su ce ba su san zancen ba, barin filin jama'a da sunan mutum ɗaya ganganci ne.

Malam

Ba kwamitin da zai zauna ba malami, kuma daidai ne. Agege gari ne na ilimi, a nan Markaz ta Shehu Adamu Abdullahi al-Ilori take tun 1955, ga makarantun allo da na Islamiyya a kowane lungu. Malam ne ya san hukuncin wakafi, ya san cewa abin da aka bayar don Allah ba ya komawa gado. Shi ne zai ce muku kuɗin zakka yana da mutum takwas da aka ambata, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a gina masallaci da shi, don haka a raba shi da kuɗin sadaka tun daga akwati. Wannan kaɗai ya isa dalilin ba shi kujera.

Matsalar ita ce ba a iya tambayar malam. In shi ne ma'aji, wa zai ce Allah gafarta Malam ina lissafi? A ganina a bar shi a kujerar nasiha da sa ido, a ba wani jakar kuɗi, hakan ya fi tsare masa girma. Sannan a kula, in ƙungiyar ta kowa da kowa ce, kada a cika kwamiti da ɓangare ɗaya, Ɗarika ko Izala. A Kurmi ba mu da yawan da za mu rabu biyu.

'Yan canji da 'yan gwari

Ɗan canji ya fi kowa a cikinmu sanin ciwon takarda. Ƙungiyarsu ta ƙasa, ABCON, wadda Alhaji Aminu Gwadabe ke shugabanta, ta sha fama da Babban Banki: a Yulin 2021 aka daina sayar musu da dala, a Maris na 2024 aka soke lasisin kamfanonin canji 4,173 saboda rashin biyan kuɗin sabuntawa da rashin kai rahoto. Wanda ya tsallake wannan ya san cewa ranar da aka sa a kai rahoto ba wasa ba ce. In kuna da irinsa, shi ya dace da ma'aji ko mai sa hannu a banki. A dai yi masa sharaɗi ɗaya a rubuce: kuɗin ƙungiya ba ya shiga juyi, ko na kwana ɗaya.

'Yan gwari na Mile 12, masu tumatir da tattasai da albasa, su kuma sun ƙware a tsari, domin kayansu ba ya jira. Kowane sashe da shugabansa, ga shugaban kasuwa gaba ɗaya, Alhaji Shehu Usman Jibrin. Sun kuma san zama da gwamnati. Bayan rikicin Maris na 2016 da gwamnatin Akinwunmi Ambode ta rufe kasuwar, shugabanninta ne suka yi ta zama da jami'ai da masu unguwa har aka buɗe.

'Yan boko

Nan ne muke da rauni, kuma ba don babu su ba. Akwai 'ya'yanmu lauyoyi, akantoci, ma'aikatan jinya, ma'aikatan banki, tsofaffin ma'aikatan kwastan da tashar jiragen ruwa da reluwe da suka yi ritaya suka zauna. Wasu an haife su a nan, suna jin Yarbanci kamar Hausa. A 2019 har kwamishina aka naɗa daga cikin 'yan Arewa mazauna Legas, Kabiru Ahmed Abdullahi, masanin zanen gine-gine. Amma je ka duba takardar amintattun masallacin unguwarku, da wuya ka ga ɗaya daga cikin irinsu. Dattawa na ganin yara ne, ko kuma za su zo da iyayi. Su ma 'yan bokon suna da laifi: wani zai zo taro yana zuba Turanci, ba ya zuwa jana'iza, ba ya zuwa suna, sai ranar zaɓe. Wani kuma ana yi masa canjin wurin aiki zuwa Fatakwal shi ke nan an rasa shi.

Maƙwabtanmu Yarbawa Musulmi sun riga mu gane wannan. Ansar-Ud-Deen matasa masu ilimin zamani ne suka kafa ta a Legas a 1923, da kundi da sakatare da lissafi, kuma ga makarantunta nan ko'ina a ƙasar Yarbawa. NASFAT ma'aikata ne, da yawansu na banki da kamfanoni, suka fara ta a 1995 a matsayin zaman addu'a na ranar Lahadi, zuwa 2007 ta mallaki jami'a, Fountain, a Osogbo. Shekara 12 kacal. Ba sun fi mu kuɗi ba ne, cinikin da ake yi a Abbatuwa a mako guda ba ƙarami ba ne. Sun dai sa akanta a inda ake buƙatar akanta. Ko gidauniyar Aliko Dangote, da aka kafa a 1994, da ya tashi neman wanda zai riƙe ta sai ya ɗauko Zouera Youssoufou, 'yar Nijar da ta yi aiki a Bankin Duniya. Attajirin da ya fi kowa kuɗi a Afirka bai ce shi zai riƙe littafin da kansa ba.

Tsofaffin sojoji da 'yan sanda ma suna nan da yawa, barikin Ikeja ba nisa. Amfaninsu a bayyane yake ranar da aka kwashe yaranmu a samame, sun san ofishin da za a shiga da irin maganar da za a yi. Ya kamata kowace ƙungiya ta sami mutum a kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, wanda aka kafa tun 1984, da kuma ƙungiyar ci gaban unguwa ta CDA, inda ake yanke maganar ƙofar layi da kwata da kuɗin tsaro, sau da yawa ba mu nan.

Mata fa? Uwar adashi da ke riƙe zubin mutum hamsin shekara da shekaru ba a taɓa jin kanta da kowa ba, ta fi maza da yawa iya lissafi. Su ke dafa abincin sadaka, su ke kwana asibiti da marasa lafiya, rabin ɗaliban Islamiyya 'ya'ya mata ne, amma ba su da kujera ko ɗaya. FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985 mata ne zalla ke tafiyar da ita, da makarantu da asibitoci, kuma ɗaya daga cikin shugabanninta, Alhaja Lateefat Okunnu, ta yi mataimakiyar gwamnan Legas daga 1990 zuwa 1992. In zama ɗaki ɗaya da maza ne matsala, a yi musu nasu kwamiti mai wakilci da ikon ganin littafin kuɗi.

Hidimar da ake dubawa

Sana'a tana gaya maka abin da mutum ya iya. Ba ta gaya maka ko zai yi. Wannan sai an duba bayansa, kuma a zaman Kurmi ba a ɓoye yake ba.

Wa ake bugawa waya ƙarfe biyu na dare in baƙo ya rasu ba dangi? Wa ke bin takardar asibiti, ya nemo likkafani, ya samo wuri a maƙabarta ko motar kai gawa gida? Wa ke tsayawa beli ba tare da ya karɓi ko sisi ba? Da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida a Yunin 2022, aka ƙara huɗu a Satumba, aka bar samari birjik ba abin yi, wa ya nema musu kuɗin mota ko wata sana'a? 'Yan agaji masu kaki da ke tsayuwa cikin rana ranar Idi, su ma wannan hidima ce, kuma ban taɓa ganin an ɗauko ɗaya daga cikinsu an sa a amintattu ba.

Babban ma'auni shi ne ranar tashin hankali. Manya suna tuna Shagamu da Ketu a 1999, da Idi-Araba a Fabrairun 2002. Mu kuma mun ga Fagba a Oktoban 2020, nan bayan gidanmu, muka ji na kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, wanda ya jawo ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta ƙasa ta tsayar da lodi zuwa Kudu na 'yan kwanaki har farkon Maris. A irin waɗannan ranaku kowa ya ga wanda ya fito ya tare samari, ya kira baale da DPO, ya buɗe gidansa ga waɗanda aka ƙona wa shago, kowa kuma ya ga wanda ya kashe waya, da wanda ya riƙa tura hotunan da ke ƙara wa wuta fetur. Wanda Yarbawan unguwa ke ɗaga wayarsa in ya kira, wannan kadara ce da kuɗi ba ya saye.

Sai siyasa. Ba laifi ba ne amintacce ya kasance ɗan jam'iyya, muna buƙatar masu shiga ofishin ciyaman da na kansila. Abin gudu shi ne kwamiti gaba ɗaya ya zama na jam'iyya guda, har a riƙa kai sunan ƙungiya ana karɓo buhunan shinkafa. In gwamnati ta juya, ƙungiyar ce ke kwana ciki. Haka wanda sunansa ke cikin kwamiti bakwai, shugaba a nan, uba a can: girma ne, amma yini ɗaya gare shi kamar kowa.

A ƙungiyar su Baba, bara na roƙi alfarma aka bar ni na karanta takardar rajistarmu a gaban taro. Amintattu biyar ne a ciki. Biyu sun rasu, ɗaya ya koma gida tun kafin korona, saura biyu, dukansu 'yan shanu, dukansu sun haura saba'in, kuma ba a taɓa kai rahoton shekara ba. Aka yi shiru. Wani dattijo ya ce, "Yaro, wa ya aike ka?" Baba ne ya ce a bar shi ya gama. Na kawo shawarar a cike gurbin ukun da lauya ko akanta ɗaya, malami ɗaya, da mutum ɗaya da bai kai arba'in ba, kuma duk wanda aka kawo sunansa a faɗi sana'arsa da hidimar da ya yi a bainar jama'a kafin a ɗaga hannu. An karɓi biyu, an ce maganar matashi a dakata tukuna. Lauyan da aka samu ɗan wani mahauci ne, a Agege ya tashi, kuma aikin farko da ya sa ni shi ne in bi iyalan mamatan biyu in karɓo takardar shaidar rasuwa. Ɗaya na samu a Zango cikin kwana uku. Ɗayan kuwa a ƙauyensu aka binne shi ba a yi takarda ba, yanzu haka muna jiran babban ɗansa ya yi rantsuwa a kotu ya aiko da ita ta hannun direban da ke kawo mana shanu daga Maigatari.